Sunayen da Suka Ɓata a Bayan Auna

Kusan kowane wata sai wani matashi ya shigo shagona a nan Kontagora, rataye da laftof a jaka, ya gaishe ni ya ce yana so ya koyi rubuta manhaja. In na tambaye shi dalili, amsar ba ta wuce biyu: ko ya ji ana samu, ko kuma ya ga aikin zama ne a ƙarƙashin fanka. Akwai ma wanda ya ce mini ya riga ya gama koyo a waya, kujera kawai yake nema. Ba na musu da su. Ina dai gaya musu cewa rubuta kod, wato jera wa kwamfuta umarnin da za ta bi, shi ne ɓangare mai daɗi, kuma shi ne ƙarami. Aikin yana farawa ne ranar da abin da ka rubuta ya shiga hannun mutane, aka kira ka aka ce, "Injiniya, abin nan naka ba ya yi."

An haife ni tun ba a yanke Jihar Neja ba, don haka ban sa kwamfuta a ido ba sai da na yi gemu. Na koyi aiki a wurin Oga Matiyu, mutumin Rijau, mai shagon buga takardu. Kayan aikinmu kwamfuta ce ɗaya mai ƙaton kai, da firinta mai ƙarar tsiya, da faya-fayan filofi da zafin bazara ke lalatawa ba sallama, sai ɗan janareta da sai an lallashe shi yake tashi. A wurinsa na fara rubuta ƙananan manhajoji, na lissafin sakamakon jarrabawa da na ƙidayar kaya a shago. Oga ba mai yawan magana ba ne, amma in ya tambaye ka abu ɗaya sai ka wuni kana jin haushin kanka.

Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai na wani mai kemis ne. Kwamfutarsa takan mutu ta tashi da kanta ana cikin ciniki. Na ɗauko ta na kawo shago, na kwance, na hure ƙura, na sake loda komai, ta yi kwanaki a gabanmu ko tari ba ta yi ba. Na mayar masa, washegari ya aiko cewa ta koma halinta. Oga ya dube ni ya ce, "Ka zauna a shagon nasa?" Na ce a'a. Ya ce, "To, wa ka duba?" Na ɗauki benci na je na zauna a kemis tun safe. Can da hantsi mai walda na maƙwabta ya kunna injinsa, ƙwan fitila ya yi ja, kwamfuta ta ɗauke. Layin wuta ɗaya suke sha. Ba mu taɓa kod ko layi ɗaya ba, na'urar daidaita wuta muka sa ya saya.

Masu kawo aiki kuwa, duk kalmarsu ɗaya ce: "Wallahi ba wanda ya taɓa komai." Wani manajan gidan mai ya rantse mini da wannan, na leƙa ƙarƙashin tebur na tarar an zare filogi an sa cajin tocila. Ba ƙarya suke yi ba fa. A wurinsu zare filogi ba taɓawa ba ne. Shi ya sa ba na tambayar mutum me ya lalace. Nakan ce ya yi a gabana yadda ya saba yi, ni kuma in kame bakina in zuba ido.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta layin tarakta. Wata ƙungiyar manoma a nan garin tana da 'yan taraktoci da take ba mambobinta, kuma duk farkon damina sai an yi rigima kan gonar wa za a fara yi wa kaftu. Ciyaman ɗinsu, Alhaji Mamman, ya ce in yi musu manhajar da za ta raba gardama. Na yi. Aka raba wa wakilai wayoyi masu arha. Manomi zai zo wurin wakili, a shigar da sunansa da ƙauyensa da girman gonarsa, wayar ta buga rana da lokaci a kai. In wakili ya shiga inda akwai sabis, sai ta tura komai zuwa babbar kwamfutar da ke tattarawa, wadda muke ce wa saba, ta nuna "an tura", ta share nata don kada ta cika. Wanda ya riga rajista shi ake fara yi wa.

Bayan damina ta farko Ciyaman ya ƙara sharaɗi, saboda wasu sun fara cewa ai suna kan layi tun bara. Ya ce duk rajistar da kwanan watanta ya riga ranar buɗe layin bana, a kau da ita. Na sa saba ta riƙa ture irin waɗannan zuwa wata ma'ajiya ta tsofaffi da ba mai leƙawa. Sharaɗi ne mai kyau, ya kashe baki da yawa.

A wannan shekarar ce aka ƙara yankin Auna, aka ɗauki sabuwar wakiliya, Madam Ladi. Bakambariya ce, tana aure a wani ƙauye can bayan Auna inda sabis ba ya kaiwa, ta yi sakandare, kuma mutanen ƙauyukan sun yarda da ita. Ba ta shigowa Auna sai ranar kasuwa, a nan take tura aikin mako.

Ruwa ya sauka, taraktoci suka fita. Suka yi Beri, suka yi Zugurma, suka taɓa 'yan gonaki a gefen garin Auna, suka juyo. Ƙauyukan Ladi ko ƙurar taya ba su gani ba, domin sunansu ba ya kan layi. Dattawa suka yi ayari zuwa ofis, kowa na cewa an rubuta shi tun kafin ruwan fari. Ciyaman ya kira ni, ya kira Ladi.

"Injiniya," ya ce, "na Beri suna zuwa, na Zugurma suna zuwa. Na bayan Auna ne kawai aljanu ke cinyewa a hanya?"

Na ce zan duba.

"Duba me? Ga shi nan a fili. Na cikin gari da ke same ta a kasuwa sun shigo. Na daji, inda sai an taka da ƙafa, babu ko ɗaya. Wannan ai ba sai an je makaranta ba."

Ladi tana tsaye, da Hausarta ta mutanen can, ta ce, "Ranka ya daɗe, na je. Gida gida na bi. Wayan ya ce an tura, da idona na gani."

Na karɓi wayar na juya ta ciki da bai. Na shigar da sunan ƙarya a gabansu, na tura, kafin in ɗaga kai ya bayyana a saba. Na duba kod ɗin turawa layi bayan layi, lafiya lau. Na duba rana da lokaci a wayar, daidai suke da agogon bango. Na bincika rajistar bana kaf da sunayen da dattawan suka faɗa, babu. Don in cire shakku na ba ta wata wayar daban, na ce ta sake bin ƙauyukan. Ta bi. Ranar kasuwa ta tura. Na cikin gari suka shigo, na daji shiru.

Wannan ya gama da ita a idon Ciyaman. Waya biyu ba za su yi ciwo ɗaya ba, in ji shi. Ya ce bayan kasuwa mai zuwa ta dawo da kayan ƙungiya, zai naɗa wani, kuma zai aika wa masu unguwanni cewa wakiliyar ce ba ta yi aikinta ba. Ni ma, gaskiya, zuciyata ta fara karkata can, domin na'ura tana ba ni amsa mai tsabta, mace kuma tana ba ni rantsuwa kawai. Da muka fito ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Oga, ba aikin ne ya dame ni ba. A ƙauyen can nake aure. Coci ɗaya muke zuwa da mutanen nan. Yanzu in na gaishe su sai su dubi gonansu da ciyawa ya rufe, su dube ni. In aka aika cewa ban je ba, ina zan sa kaina?"

Na ce mata ranar kasuwa zan zo Auna, kuma ba na so ta canza komai saboda ni. Ta yi yadda ta saba, ni zan bi ta a baya.

Na isa da hantsi, kasuwa ta fara cika. Matan Kambari na ta shigowa da kaya a kafaɗa, masu busasshen kifi sun baje, ana ta auna masara da dawa. Na same ta a gindin wata bishiya ta riga ta kunna waya ta tura aikin mako. Mutum biyu uku na cikin gari suka zo ta shigar da su. Na leƙa, komai daidai, har na fara tunanin na ɓata mai a banza. Da ta gama ta miƙe ta ce za ta kai caji.

Rumfar mai caji tana can gefen 'yan tireda, janareta na ta kuka a baya, wayoyi birjik a kan katako kowace da igiyarta. Ladi ba ta miƙa waya ba. Ta kashe ta, ta sa farce ta ɓalle murfin baya, ta ciro batir ta ba mutumin. Ya manna masa 'yar takarda mai lamba, ya maƙala shi a irin cajar nan mai baki da ke kama batir tsirara. Ita kuma ta ƙulle gangar wayar a bakin zaninta.

Na ce, "Madam, me ya sa ba ki ba shi wayar gaba ɗaya ba?"

Ta dube ni kamar na ce ta ba shi ɗanta. "Haba Oga. Ranan da aka ba mu, Baba Ciyaman ya ce kayan ƙungiya ne, kada ya bar hannunmu ko na minti ɗaya. Ni ban taɓa ba kowa ba. Ko mijina bai taɓa riƙewa ba."

Na ji wani abu ya motsa a kaina, amma bai fito sarari ba tukuna. Bayan azahar ta karɓi batir ta jefa a jaka. Na ce ba za ta sa ba? Ta ce sai ta isa gida, don wutan ya kai ta mako. Muka hau acaba biyu muka miƙi hanyar ƙauye, wani wuri yashi, wani wuri taɓo. Ko'ina ka duba gonaki ne da ya kamata a ce masara ta kai gwiwa, ga su nan ciyawa ta yi kore shar. Muna wucewa mutane na binmu da kallo, ba mai ɗaga hannu.

A ƙofar gidanta ta zauna a kan turmi, ta mayar da batir, ta kunna. Na ce ta ba ni kafin ta taɓa komai. Ga rana a sama ana shirin la'asar, wayar kuwa ta ce tsakar dare ne, ranar farko ta watan farko, a wata shekara da ta wuce tun kafin a kafa ƙungiyar.

Na nuna mata. Ko a jikinta. "Haka yake yi kullum. Agogon nan ba shi da hankali. In na shiga Auna sai ya dawo daidai da kansa. Ni rana nake dubawa."

Sai komai ya jeru a gabana. Wayoyin nan masu arha, da zarar ka cire batir sun manta rana, su koma shekarar da aka ƙera su. In akwai sabis, nan take suke gyara kansu. A ƙauyen Ladi babu. Duk sunan da ta shigar a cikin mako, wayar tana buga masa kwanan watan shekarun baya. Ranar kasuwa ta shigo Auna, agogo ya gyaru da zarar wayar ta samu sabis, ta tura, saba ta karɓa, ta ga kwanan wata ya riga buɗe layin bana, ta ture su ma'ajiyar tsofaffi. Shi ya sa duk lokacin da wayar ta zo hannuna a Kontagora take nuna mini fuskar salihai. Wakilan Beri da Zugurma kuwa da igiya suke caji, suna barin wayar a rumfa su tafi shan fura.

Amma murna ba ta zo ba tukuna, domin na tuna wani abu. Lokacin da na yi ma'ajiyar, na rubuta mata ɗan kod mai shara, wanda zai riƙa goge duk abin da ya tsufa sosai don kada wuri ya cika. Sunayen Ladi kuwa, bisa kwanan watansu, sun fi komai tsufa. Abin da na kasa tunawa shi ne, na kunna mai sharar nan ko ban kunna ba? In na kunna, na san dalili amma ba ni da shaida, kuma Ciyaman ba zai sayi labarin agogo da baki ba. Ban gaya mata wannan ba. Na ce ta hau mu koma Auna yanzu.

Hanyar ta yi mini tsawo. Muka sauka a teburin wani mai shayi inda sabis ke da ɗan ƙarfi, na buɗe laftof a kan benci, na jona da wayata. Sabis yana zuwa yana tafiya, allon yana ta juyi, Ladi tana tsaye a kaina ta harɗe hannu. Na shiga ma'ajiyar, na ce ta nuna mini daga mafi tsufa.

Suka fito. Sunaye na ta gangarowa, ƙauye bayan ƙauye, na zagayen farko da na zagaye na biyu da ta yi da ɗaya wayar. Mai sharar yana nan a kashe, ashe na ce sai gobe zan kunna, goben ba ta zo ba. Ban taɓa jin daɗin lalacina kamar na ranar ba. Na yi ajiyar zuciya har mai shayi ya juyo ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce ya haɗa mana biyu, masu kauri.

Ladi ta sunkuyo tana bin allon da yatsa, tana kiran sunayen a hankali. Can ta miƙe ta ce, "Duka suna nan." Ta zauna a bencin, ta rufe fuska da gefen mayafi na ɗan lokaci, sannan ta ja kofinta.

Gyaran kansa bai kai shan shayin ba, kuma wannan ne nake so masu laftof a jaka su ji. Saba tana ajiye lokacin da kowace rajista ta iso, wayar kuma tana ba kowane suna lamba a jere, don haka na iya mayar da kowa gurbinsa a layi ba tare da na zalunci na Beri ba. Na hana saba yarda da agogon waya ita kaɗai. Na sa manhajar ta ƙi buɗewa in shekarar ba ta yi kama da gaskiya ba, ta ce a gyara rana tukuna. 'Yan layuka ne da ɗalibina na wata ɗaya zai iya rubutawa. Sanin inda za a sa su ne ya ci makonni da hawan acaba.

Washegari na je ofis tare da Ladi, ban yi dogon bayani ba. Na ce Ciyaman ya ba ni ɗaya daga cikin wayoyin ƙungiya. Na cire sim don kada sabis ya gyara agogo, na cire batir, na mayar, na kunna, na miƙa masa. Ya dubi shekarar, ya cire tabarau ya goge ya sake duba. Sannan na juya masa laftof ya ga sunayen. Ya daɗe yana gungurawa.

"To me ya kai ta cire batir?"

"Ranka ya daɗe, an ce mata kada wayar ta bar hannunta."

"Wa ya ce?"

Na dubi silin. Alhaji Mamman mutum ne mai zafi, amma ba ya gardama da abin da ya gani. Ya ce, "Innalillahi. Ni ne." Ya aika a kira direbobi, ya ce a bar duk abin da ake yi a nufi bayan Auna. Wasu gonakin sun makara ga masara, aka ce a yi musu wake da dawa, sauran kuwa an cim musu. Ya juyo ga Ladi ya ce ta yi haƙuri, ta ci gaba da aikinta.

Ta russuna ta ce, "Na gode, Baba. Amma ba a nan aka ɓata ni ba."

Ya gane. Ranar da tarakta ta shiga ƙauyen, yana biye da ita a mota, ni ma ina ciki. Jama'a suka taru a ƙofar gidan mai unguwa, maza da mata, har da waɗanda suka baro gona da fartanya a kafaɗa. Ciyaman ya miƙe ya yi gyaran murya. Sai aka lura yawancin tsofaffin ba sa kama Hausa mai tsawo, ana buƙatar tafinta, kuma ba wanda ya fi Ladi iya duka biyun. Aka tsayar da ita a gefensa.

Ya ce, "Ku sani yarinyar nan ta bi ku gida gida kamar yadda ta faɗa. Ba ta yi ƙarya ba. Na'urarmu ce ta ɓoye sunayenku, kuma umarnina ta bi har abin ya faru. Ni na zarge ta, kuma ban kyauta ba."

Ta juya shi da Kambarci, jimla bayan jimla. Na gaba suka fara gyaɗa kai. Ciyaman ya tattara babbar riga zai zauna, sai ta ɗan russuna ta ce masa da Hausa, yadda duk na kusa suka ji:

"Baba, sake faɗi. Tarakta yana ƙara, na baya ba su ji ba."

Ya dube ta, ya dube ni. Ya ɗaga wa direba hannu a kashe inji. Wuri ya yi tsit, ya sake miƙewa ya faɗa daga farko.